Ranar da Muka Yi wa Kwalba Ruƙiyya

Shekaru sun tura, gemuna har ya fara ɗaukar furfura, kuma abubuwa da yawa na zamana a Masar sun zube daga kaina. Rabin abin da na haddace don jarrabawa ya tafi, sunayen tituna sun bi shi. Amma akwai wata Alhamis a cikin zafin shekarar 2012 da ta ƙi tafiya, kuma na san ba za ta tafi ba sai ranar da aka tura mini ƙasa. Duk lokacin da na tuna ta, dariya ce ke fara zuwa, sai daga baya gabana ya faɗi.

A lokacin ina shekara ta uku a tsangayar Shari'a, ina zaune a unguwar Madinat Nasr a Alƙahira, hawa na biyar a wani dogon gini mai lif ɗin da ke aiki ranar da ya ga dama. Mu uku muka kama gidan. Akwai wani Basakkwace dogo siriri da muke kira Liman, saboda shi ke jan mu salla in jam'i ya wuce mu, shi ke kuma tashin mu da asuba ko muna so ko ba ma so. Mutumin kirki ne, sai dai bai yarda akwai wata matsala a duniya da ba ta da babi a littafi ba. Na biyun ɗan Damagaram ne, gajere mai surutu, sarkin kicin ɗinmu, wanda a wurinsa shayi mai kauri maganin komai ne, daga ciwon kai har faɗuwa jarrabawa. Sai ni, kuma in zan faɗi gaskiya, ni ciwona son a yabe ni.

Ta nan Alhaji ya kama ni. Aminin mahaifina ne, ɗan kasuwa a Kaduna, mutumin da ko a waya yake magana sai na gyara zama. Ya kira ni ya ce zai turo ɗansa mai shekara goma sha bakwai ya koyi Larabci ya gyara karatun Alƙur'ani, kuma duk cikin 'yan Najeriya da ke Alƙahira bai ga hannun da zai danƙa shi ba sai nawa. Ya ce ƙanina ne, amana ce ya ba ni, in riƙe masa. Na ajiye wayar kaina ya yi girman da da ƙyar na wuce ta ƙofar ɗaki. Ban tambayi dalilin da ya sa za a cire yaro daga makarantar kwana ta masu kuɗi ana tsakiyar shekara ba. Wanda ake yabo ba ya tambaya.

Yaron ya zo, kuma wallahi ya shiga ranmu. Dogo ne, mai tsabta, ba ya magana sai an yi masa. In zai gaishe mu sai ya rusuna, in mun ci abinci kafin a ankara ya kwashe kwanuka. Muka sa shi a wata cibiyar koyon Larabci kusa da mu, cikin wata biyu har ya iya yi wa direban mikrobas, ƙaramar motar haya, tsawa ya tsaya. Kowace Juma'a bayan an sauko Alhaji yakan kira, ni kuma in zuba masa labari mai daɗi, in ƙara gishiri inda ya kamata. Har na taɓa ce masa yaron ya fi mu son ibada, domin duk ranar Alhamis yakan ɗauki jakarsa ya hau rufin gini shi kaɗai, ya ce zai yi tilawa inda babu hayaniya. In ya sauko yana tauna kanumfari, yana ƙamshin turare kamar ango, sai ya wuce ɗaki ya kwanta har magariba. Liman ya ce irin waɗannan su ne Allah ke buɗa wa, mu kuma muka ce amin.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa mu wawaye ne, ko da yake ba zan yi musu sosai ba. A wancan lokacin in ɗalibai 'yan gida suka taru ana kukan yaran zamani, zancen waya ake yi, da ƙwallon Turai, da askin banza. Babu wanda ke ambaton giya. A ganinmu wannan harkar tsofaffin sojoji ce da mutanen bariki na da, yaran yanzu sun wuce nan. Kuma ga mafi yawansu gaskiya ne, domin sa'o'insa da muka sani ko kallon inda take ba sa yi. To wannan gaskiyar ce ta sa mu barci da minshari.

Abin da ya fi ba ni dariya yanzu shi ne, a wannan zangon babin haddin shan giya muke karantawa. Na haddace ma'anarta, da saɓanin malamai a kan abin da ake kira giya, da adadin bulala, da sharuɗɗan shaidu. Na san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya ko warinta aka ji a bakin mutum, adilai biyu suka shaida, ya isa hujja. In ka tashe ni daga barci zan karanto maka. Abu ɗaya kawai ya rage: daga ni har Liman har ɗan Damagaram, babu wanda ya taɓa jin warin nan a rayuwarsa. Adilai uku a gida ɗaya, babu mai hanci ko ɗaya.

Ranar da abin ya faru muna da jarrabawa jibi. An yi azahar, rana ta take, an ɗauke wuta, kowa ya baje a kan tayil da takardunsa yana fifita da kwali. Sai muka ji ana buga ƙofa. Na buɗe na ga bawwab, wato maigadin gininmu, wani dattijo ɗan kudancin Masar mai rawani, ya riƙo yaron ta hammata. Ya ce a kan matakalar rufi ya tsince shi, yana zaune yana hira da bango. Ya dube ni, ya dubi littafin da ke hannuna, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya fasa. Ya ce yaron ya ɗan gaji ne kawai, Allah ya rufa asiri, ya juya ya sauka. Mu muka ɗauka addu'a ce irin ta dattawa, muka amsa masa da amin.

Yaron da ko ɗaga ido ba ya yi a gabanmu, ranar ya shigo yana dariya har da riƙe ciki. Idanunsa sun yi ja, ƙafafunsa kowace da inda ta nufa. Ya tsaya gaban firji ya sara masa kamar soja. Ya juyo ya ga Liman, ya nuna shi da yatsa ya kira shi Firinsifal, ya shiga zuba masa Turanci irin wanda ba mu taɓa ji a bakinsa ba, da sauri, da faɗa, kamar mai ƙarar da aka daɗe ba a saurara ba. Daga nan ya rungume ɗan Damagaram ya fashe da kuka, ya ce shi kaɗai ne ke son sa a duniya.

Liman ya ajiye littafinsa a hankali. Ya zagaya yaron sau ɗaya yana kallon sa, sannan ya dawo kusa da ni ya rage murya.

"Yaron nan ba shi kaɗai ba ne," in ji shi.

Ya jero mana hujjojinsa, kuma ni a lokacin na ga babu ta inda ruwa zai shiga. Rufin gini da tsakar rana, wurin tarkace da tsohon akurkin tantabaru, ai ko yaron goye ya san matattarar su wane ne. Ga murya ta canza, ga harshe ya canza, ga kunya ta tafi. Ɗan Damagaram ya ce shi dai wani wari yake ji, kamar an manta fura a jaka kwana uku. Liman ya ce wannan ma ƙarin hujja ce, domin mutanen ɓoye suna son ƙazanta. Ni warin ya ɗan yi mini kama da na ɗakin allura, har na yi niyyar faɗa, amma na ga in na yi magana kamar ina ja da ilimi ne, sai na haɗiye. An ce ruwa ba ya tsami banza, mu kuwa muka ji tsamin muka ɗora wa aljani.

Nan da nan aka raba aiki. Muka kwantar da shi a tsakar falo, ni na danne ƙafafu, ɗan Damagaram ya kawo ruwa a kofi da man zaitun da habbatussauda, Liman ya yi alwala ya durƙusa a kansa ya dafa goshinsa ya fara karatu. Muryar Liman in ya ɗaga ta har titi ake ji. Yaron yana ta mutsu-mutsu yana neman tashi, mu kuma muna ƙara dannewa, muna ganin karatu ne ke ƙona shi. Bayan wani lokaci Liman ya tsaya ya tambayi aljanin ko shi wane ne. Yaron ya buɗe ido ɗaya ya ce shi ne mai tsaron gidan wata ƙungiyar ƙwallo ta Ingila, kuma a wannan shekarar babu wanda zai ci shi. Liman ya juyo ya dube mu da fuskar wanda bincikensa ya tabbata, ya ce Bature ne, irinsu sun fi taurin kai. Ya kira shi zuwa ga Musulunci sau uku. Aljani ya ce a ba shi ruwan sanyi.

Mun fi awa ɗaya a haka. Zufa ta jiƙa mu sharkaf, muryar Liman ta fara dishewa. Can sai yaron ya yunƙura ya yi amai, mai yawa, a kan tabarma da gefen jallabiyata. Liman ya yi kabbara a hankali, ya ce ga shi nan yana fita. Daga nan jikin ya saki gaba ɗaya. Muka goge masa baki, muka miƙar da shi rigingine, muka sa masa matashi, muka koma gefe muna kallon aikinmu. Yana wani irin minshari mai kamar ana jan ruwa da tsinke, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya sake ja. Na taɓa hannunsa na ji sanyi a cikin wannan zafin, na ce wa kaina ai zafin jikinsa ne ya sauka. Har yau in na tuna irin natsuwar da na ji a wannan lokacin sai tsigar jikina ta tashi.

Abin da ya cece mu garwashi ne. Liman ya ce a turara ɗakin da lubban don kada baƙon ya dawo, mu kuma ba mu da gawayi. A hawa na huɗu, daidai ƙarƙashinmu, akwai wata mata 'yar Filato da muke kira Mama, Kirista, mijinta direba ne a ofishin jakadancinmu. Ta yi aikin nas shekaru a gida kafin su zo Masar. Takan aiko mana da tuwo da miyar kuka in ta tuƙa, mu biyu mu cinye, Liman ya ce shi ya ƙoshi. Ɗan Damagaram ya sauka roƙon garwashi, ta tambaye shi wane ne ba lafiya, domin tun ɗazu silin ɗinta ke girgiza. Ya ce ƙaninmu ne aljanu suka buge, amma alhamdu lillahi an ci ƙarfinsu, har ya yi amai ya yi barci. Daga baya ya faɗa mana cewa tana jin kalmar amai da barci ta ture shi gefe ta kama matakala, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba.

Ta tsaya a bakin ƙofarmu ta ja numfashi sau ɗaya tak.

"Malamai, wa ya sha?"

Muka dubi juna. Ɗan Damagaram ya ce shayi dai tun safe ba a ɗora ba. Liman ya miƙe zai yi mata bayanin cewa ana cikin aiki ne, bai kamata mace ta shigo ba. Ko kallon sa ba ta yi ba. Ta durƙusa ta cire matashin ta jefar, ta juya yaron ya kwanta a gefensa, ta tanƙwara masa gwiwa, ta sa yatsa ta share masa baki. Ta mare shi a kumatu, ta murɗe masa kunne, ko motsi bai yi ba. Ta ɗora hannu a ƙirjinsa tana kallon agogonta, sai na ga fuskarta ta sauya.

"Wannan aljanin a kwalba ake sayar da shi," in ji ta. "Giya ya sha, kuma ya sha ta kisa. Numfashinsa yana ƙasa. Da kun bar shi rigingine ya sake amai, da gawa za ku yi wa karatu. Ku ɗauke shi, asibiti za mu."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na tuna ni ne na danne masa ƙafafu. Muka ciccibe shi mu uku, hawa biyar a ƙafa tunda babu wuta, Mama tana gaba tana riƙe da kansa tana faɗa mana kada mu bari ya juya. Muna isa ƙasa muka tarar bawwab ya riga ya tsayar da tasi, ya buɗe ƙofa yana jira. Ashe tun da ya kawo shi ya san komai, kunyar malantarmu da littattafanmu ce ta hana shi faɗa. Ya zaci mun gane, muna dai neman yadda za mu rufa wa kanmu asiri ne.

A asibiti aka shige da shi, aka sa masa ƙarin ruwa da abin numfashi. Likitan, wani matashi Bamisire, ya fito ya tambaye ni me ya sha, kuma nawa. Na ce ban sani ba. Ya ce lallai a nemo kwalbar, domin akwai irin ta bayan fage da ake haɗawa da guba, wadda in ba ta kashe mutum ba sai ta makantar da shi. Mama ta tura ɗan Damagaram ya koma ya bincika rufin gini. A bayan tankin ruwa ya same ta, ba ko ɗigo a ciki. Ya ba mu labari daga baya cewa ya naɗe ta a leda uku, ya shiga mikrobas da hularsa da jallabiyarsa yana riƙe da ita da yatsa biyu, yana istigfari, yana ganin kamar duk motar shi ake kallo. Wata tsohuwa ma ta ce ya kawo ta riƙe masa kayan tunda a tsaye yake, ya ce mata a'a, magani ne na gado. Likita ya duba ya ce ba mai gubar ba ce, yawanta ne kawai ya kusa kai shi.

Muka zauna a baranda muna jira, ni da Mama. Takardun jarrabawata suna aljihuna, babin nan dai da na haddace. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammacin ba. Ina ta ƙoƙarin haɗa kalmomin da zan faɗa wa Alhaji in yaron bai tashi ba, na kasa samun ko ta farko. Mama ta ga halin da nake ciki, sai ta shiga yi mini hira don ta ɗauke mini hankali. Ta ce ita a gidan da ake dafa burkutu ta tashi, tun tana ƙarama ta san warin. A zamaninsu maza a fili suke sha, a zagaye, ƙwarya tana yawo, in mutum ya fara wuce gona da iri akwai mai ce masa ya isa, akwai mai raka shi gida. Ta ce 'ya'yanta da abokansu yanzu ko sha'awarta ba sa yi, suna ce mata kayan tsofaffi. Amma 'yan kaɗan ɗin da ke sha a cikin yara, in an kawo su asibiti haka ake kawo su, rai a hannun Allah, domin su kaɗai suke sha, a ɓoye, kuma da gaggawa. Ta ce masu sha sun ragu, amma waɗanda suka rage ba su da mai ce musu ya isa.

Kafin magariba yaron ya buɗe ido. Likita ya ce ya tsallake, amma zai kwana. Liman ya tashi ya je gaban Mama ya rusuna ya yi mata godiya, har da ce mata Allah ya saka. A hanyar komawa ne ya ɗan farfaɗo, ya ce mana in an duba da kyau ita ma giya ai aikin Shaiɗan ce, saboda haka karatun bai faɗi ƙasa banza ba. Ɗan Damagaram ya ce haka ne Malam, sai dai a gaba in za a yi, a fara juya mara lafiya gefe. Daga wannan makon kuma Liman ya daina ƙoshi in tuwo ya hauro daga hawa na huɗu.

Washegari da safe na koma asibiti na sami yaron zaune a kan gado, ya kasa haɗa ido da ni. Na yi niyyar yi masa wa'azi, har na tanadi ayoyi a hanya, amma da na gan shi sai na ji ba ni da bakin. Na tambaye shi kawai tun yaushe. Ya ce tun yana shekara goma sha biyar, a makarantar kwana, su uku ne masu sha a duk ajinsu, sauran har tsokanar su suke yi. A nan Alƙahira kuma yakan hau mota ya tafi wata unguwa mai nisa ya sayo. Na ce to don me zai shanye kwalba guda a zama ɗaya, yana neman kashe kansa ne? Amsar da ya ba ni ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Ya ce ba shi da inda zai ajiye saura. A gidanmu babu abin da ke da makulli, ɗan Damagaram yakan buɗe jakar kowa neman magi ko allura, matar bawwab kuma tana zazzage shara tana ware robobi. In ya buɗe, dole ya ƙarar kafin ya sauko. Da yakan sayi ƙarama, ranar ƙaramar ta ƙare a shagon, sai ya ɗauki babba.

Sannan ya kama hannuna.

"Yaya, don girman Allah kada ka gaya wa Baba. Na tuba. In ya ji, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Na so in amsa masa da to. Kuma ba tausayinsa kaɗai ba ne, kada in yi wa kaina ƙarya. Sunana nake ji. Wata shida ina shelar cewa yaro ya zama waliyyi a hannuna, yanzu da wane baki zan ce a rufin gidana yake sha, ni kuma da ya kusa mutuwa na danne masa ƙafa? Na koma gida na tambayi Mama shawara. Ta ce ita ba za ta zaɓa mini ba, amma in tambayi kaina: in aka sake, kuma ranar ba ta gida, me zan ce wa uban?

Ranar Juma'a ce. Ana saukowa daga masallaci waya ta yi ƙara kamar kullum. Na koma gefen wani shago na tsaya a inuwa. Alhaji ya tambayi karatu, ya tambayi zafi, ya ce ina ƙanin nawa. Na ce Baba, akwai magana. Na faɗa masa komai tiryan-tiryan, ban rage ko ruƙiyyar ba. Sai na ji ya sauke numfashi.

"Har can ma?" in ji shi.

Kalma uku kacal. Ashe ya sani. Ya ce sau biyu ana ɗauko shi a Kaduna a irin wannan halin, kuma makarantar ba cire shi ya yi ba, korar sa aka yi. Daga shi sai mahaifiyar yaron suka sani, ko mahaifina bai gaya wa ba. Ya yi tunanin in ya jefa shi ƙasar malamai, cikin ɗaliban ilimi, abin zai bar shi da kansa. Ya ce ya ɗauki waya sau da dama zai faɗa mini, kunya ta hana shi.

Ni da ban taɓa mayar masa da magana ba tun da aka haife ni, ranar na ji bakina yana motsi.

"Baba, kun ba ni amana kun riƙe rabinta. Da kun faɗa mini, da jiya asibiti zan fara kai shi. Saura kaɗan in kashe muku ɗa da hannuna, ina ganin taimakonsa nake yi."

Ban taɓa jin babban mutum yana kuka a waya ba sai ranar. Ya ce in yafe masa. Ni ma na ce ya yafe mini labaran Juma'a da na riƙa ƙawata masa, domin da na sa ido kamar yadda na sa baki, da na gani.

Bayan kwana goma Alhaji ya sauka a Alƙahira. Ya hau hawa na huɗu kafin na biyar, ya zauna a falon Mama ya cire hula yana godiya. Ita ta haɗa su da wani likita da ya san wannan ciwo, aka fara aiki a fili, ana kiran abin da sunansa. Ba zan ce daga nan komai ya miƙe ba, yaron ya sake zamewa har sau biyu kafin ya tsaya da ƙafafunsa. Amma duk sau biyun mun sani da wuri, kuma sau na biyun shi da kansa ya zo ya faɗa mini. Yanzu magidanci ne da 'ya'ya uku, in mun haɗu a biki sai ya riƙa tambayata ko ƙafafunsa sun yi mini nauyi ranar.

Abin da na koya bai zo a jarrabawar da na rubuta ranar Asabar ba. Mu mutane ne masu son rufin asiri, kuma abu ne mai kyau, amma na ga inda yake komawa likkafani. Uba ya rufe don kunya, maigadi ya rufe don girmamawa, yaro ya rufe don tsoro, ni ma na kusa rufewa don kare sunana, kowa da kyakkyawar niyyarsa, yaro kuma yana kwance numfashinsa yana tafiya. Wadda ta cece shi ita ce wadda ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi sunan abin da babbar murya. Tun daga ranar, in ciwo ya shigo gidana ko na wanda ya amince da ni, nakan zaɓi a ji kunya yau da a yi zaman makoki gobe, domin kunya ana tashi daga ita a ci tuwo.